Wa ke da Iko da Beyar Girizli a Amurka?

A cikin dabbobin dawa da Allah ya zuba a yammacin ƙasar Amurka, kaɗan ne mas'alarsu ta daɗe tana kai da komowa a gaban alƙalai kamar ƙatuwar dabbar nan da Larabawa ke kiran jinsinta dubbu, mu kuma muka ari sunan beyar, wadda mutanen can suka keɓance irinta mai tozo da furfura a bakin gashi da laƙabin girizli. Namijinta kan haura kilo 200, amma duk da wannan girman jiki, kaso mai yawa na cimarsa saiwoyi ne da 'ya'yan itace da ƙwari, har masana sun sha ganin sa a ƙololuwar duwatsu lokacin zafi, yana birkita tsakuwa da faratansa masu tsawon yatsan mutum, yana lashe wasu ƙwari masu maiƙo da ke ɓuya a ƙarƙashi, domin ya tara kitsen da zai kwana da shi watanni a rami idan sanyi ya shigo.

Kafin Turawa su kwarara zuwa yamma a ƙarni na 19, an ƙiyasta cewa akwai girizli wajen 50,000 a ƙasar da ta zama jihohi 48 na kudu da Kanada. Sai masu kiwo da mafarauta suka bi ta da bindiga da tarko da guba, har jihar Kalifoniya, wadda surar dabbar ke kan tutarta zuwa yau, ta rasa ta baki ɗaya tun a shekarun 1920. Zuwa 1975 abin da ya rage bai kai 1,000 ba, a cikin kashi 2 bisa ɗari na tsohon mazauninta, kuma a yankin gandun Yelosuton an ƙiyasta 136 kacal.

Asalin al'adar shari'a a Amurka ita ce jiha ke riƙe da namun dawan da ke cikinta a matsayin amana ga jama'arta, ita ke ba da lasisin farauta, ita ke ƙayyade lokaci da adadi, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a 1896, ko da yake daga baya ta rage masa ƙarfi. Da Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar kare halittun da ke bakin ƙarewa a 1973, aka kuma shigar da girizli ƙarƙashinta a 1975, sai ragamar ta koma hannun hukumar tarayya mai kula da kifi da namun dawa, kashe dabbar ya haramta illa ga wanda ke kare ransa ko ran wani, ko ma'aikacin da aka ba izini. Dokar ta zo da sharaɗi, cewa idan dabba ta farfaɗo a cire ta daga jerin, a mayar wa jihohi da ikonsu. Daga wannan sharaɗi ne saɓanin ya taso, domin ba a taɓa samun ijma'i a kan haddin farfaɗowar ba. Wanda ya san yadda dajin Yankari ya koma hannun tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauci a 2006, ba zai ji wannan jayayya baƙuwa ba.

Hujjar jihohin Wayomin da Montana da Aidaho tana da nauyi, kuma ba adalci ba ne a yi mata riƙon sakainar kashi. Yau yankin Yelosuton na da girizli wajen 1,000, haka ma yankin arewacin Montana da ya kewaye gandun Gilasiya, kuma ma'aikatan jihohin ne suka yi shekaru suna kamawa, suna ƙidayawa, suna kashe miliyoyin daloli. Makiyayin da ya fita da asuba ya tarar da ɗan maraƙinsa a yage, sawun ƙafa kamar faifai a cikin laka, ba shi da abin yi sai ya kira ma'aikaci ya zo ya duba gawar, ya tabbatar da abin da ya kashe ta, kafin a yi maganar diyya. Irin wannan mutum yana ganin shi ke ɗauke da asara, alhali masu hukunci suna can Washinton.

Sau biyu hukumar tarayya ta amsa wa jihohi a kan girizlin Yelosuton, sau biyu kotu ta warware. An cire su a 2007, alƙali Donald Molloy ya mayar da su a 2009, bisa dalilin cewa ba a auna illar mutuwar wani icen tsauni da suke dogara da ƙwayarsa ba. Aka sake cirewa a 2017, sai Wayomin ta shirya farautar da za ta iya kaiwa 22, Aidaho ta ware ɗaya, Montana ta dakata. Sai ƙabilun asali, irin su Kuro da Shayen ta Arewa, waɗanda ke girmama dabbar tun kaka da kakanni, suka haɗu da ƙungiyoyin kare muhalli suka shigar da ƙara. A watan Satumba na 2018 alƙali Dana Christensen ya soke cirewar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2020.

A nazarina, mafi ƙarfin dalilan wannan hukunci shi ne na nasaba. Girizlin Yelosuton sun yi kusan ƙarni a keɓe kamar mazauna tsibiri, jininsu bai gauraya da na 'yan'uwansu na arewa ba, ga shi macen ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara 5 ko 6, sannan ta yi shekara 3 tsakanin haihuwa da haihuwa, galibi 'ya'ya biyu, ta yadda kuskuren 'yan shekaru a lissafin farauta zai ci gomman shekaru kafin a gyara shi. Dabbobin da ake fata su haɗa zuri'o'in biyu kuwa su ne samarin da ke yawo a wajen hurumi, tsakanin gonaki da hanyoyin mota, daidai inda ikon jiha zai fi tasiri. Abin da ya faru da kyarkeci ya ƙara wa masu tsoro tsoro, domin bayan majalisar tarayya ta mayar da shi hannun Montana da Aidaho a 2011, jihohin biyu sun yi dokoki a 2021 da suka faɗaɗa hanyoyin kashe shi matuƙa.

Jihohin sun gane inda gizo ke saƙa, shi ya sa a 2024 aka kamo matasan girizli biyu daga arewacin Montana, aka ɗauko su a mota aka saki a yankin Yelosuton domin a kawo sabon jini. Duk da haka, a watan Janairu na 2025 hukumar tarayya ta ƙi karɓar roƙon Montana da Wayomin, ta kawo shawarar a ɗauki girizlin jihohin arewa maso yamma a matsayin al'umma guda, tare da sassauta wa makiyaya da ma'aikatan jiha wajen kawar da dabbar da ta saba da cin dukiyar mutane.