Wasan Jai-Alai A Amurka: Ina Makomarsa Bayan Caca Ta Juya Masa Baya?

A daren 27 ga watan Disamba na shekarar 1975 mutum 15,502 ne suka yi cincirindo a wani zaure da ke birnin Miyami na Jihar Fulorida a Amurka, domin kallon wasan da ake kira jai-alai. Yau kuwa yawancin zaurukan wannan wasa a ƙasar an rufe su, waɗansu an rushe, waɗansu kuma an mai da su gidajen caca zalla.

Shi dai wannan wasa asalinsa na ƙabilar Bask ne, waɗanda ke zaune a kan iyakar Sifen da Faransa, kuma ma'anar sunan a harshensu ita ce biki na farin ciki. Ana yin sa a fili mai bango uku, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 54. Ɗan wasa yakan ɗaura wani dogon kwando mai lanƙwasa a hannunsa na dama, da shi yake cafe ƙwallo ya wurga ta jikin bango. Ƙwallon kuwa ta roba ce mai tauri, an lulluɓe ta da fatar akuya. A 1979 an auna wadda José Ramón Areitio ya wurga, aka tarar gudunta ya kai kilomita 302 cikin awa ɗaya.

Amurkawa sun fara ganin wasan a babban baje kolin birnin St. Louis a 1904, amma bai kafu sosai ba sai da Fulorida ta halatta yin caca a kansa a tsakiyar shekarun 1930. Tsarin kuwa shi ne, a tara duk kuɗin da 'yan kallo suka zuba wuri guda, gwamnati da mai zaure su cire kasonsu, saura a raba wa waɗanda suka ci. A wancan zamani, ban da sukuwar dawaki da tseren karnuka, kusan babu wata hanyar caca da doka ta yarda da ita a jihar. Watau da yawa daga cikin masu cika kujerun nan, cacar ce ta kawo su.

Daga ƙarshen shekarun 1970 al'amura suka fara dagulewa. An bankaɗo maguɗin sayar da wasa a Jihar Connecticut, sa'an nan a 1981 'yan ta'adda suka harbe Roger Wheeler, mai babban kamfanin World Jai Alai. A 1988 'yan wasa suka shiga yajin aiki wanda bai ƙare ba sai 1991. A cikin 1988 ɗin ne kuma gwamnatin Fulorida ta fara sayar da tikitin cacarta a kantuna, ga kuma gidajen caca na ƙabilar Seminole suna ta bunƙasa. Ko da 'yan wasa suka koma bakin aiki, jama'a sun riga sun sami waɗansu wuraren zuba kuɗinsu. Zauren Tampa ya rufe a 1998, na Milford a 2001, na Newport kuma ya daina wasan a 2003.

Abin da ya riƙe sauran zaurukan Fulorida shi ne doka, domin ta wajabta wa mai zaure ya ci gaba da gabatar da wasa muddin yana son lasin na teburan karta ko na'urorin caca, waɗanda aka buɗe wa ƙofa a gundumomi biyu na kudancin jihar bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2004. Saboda haka waɗansu suka riƙa yin wasan jeka-na-yi-ka a gaban kujerun da ba kowa, don dai kada lasin ya kuɓuce musu. A 2021 majalisar jihar ta cire wannan sharaɗi, kuma a watan Nuwamba na shekarar zauren Dania, wanda aka buɗe tun 1953, ya kawo ƙarshen wasanninsa na yau da kullum.

Duk da haka ba a ce an binne wasan ba. A 2018 gidan caca na Magic City a Miyami ya gina gajeren fili mai bangon gilashi, ya ɗauko tsofaffin 'yan wasannin jami'a ya koya musu riƙon kwando. Daga 2022 aka shirya gasa tsakanin ƙungiyoyi, ana nuna ta a talbijin da intanet. Wannan ya dace da zamani, domin tun da Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke dokar da ta hana jihohi halatta caca kan wasanni a 2018, harkar ta koma cikin wayar hannu, ba lalle sai mutum ya taka zuwa zaure ba.

Wannan sauyi na nuna cewa da wuya manyan zaurukan nan masu ɗaukar dubban mutane su dawo, domin dalilin gina su ya kau. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A garuruwan Gernika da Markina na ƙasar Bask, inda yara ke tashi da kwando a hannu, wasan yana nan da ransa domin al'adar mutanen ce. A Amurka kuwa sauran zaurukan za su ɗore ne gwargwadon yawan mutanen da za su yarda su zauna su kalli gwanintar 'yan wasa ko da ba su zuba ko kwabo ba.