Abincin Renon Bakteriya Masu Tsamar da Madara

Idan aka zuba ɗan tsohon nono a cikin dafaffiyar madara aka rufe ƙwarya, washegari sai a tarar ta zama kindirmo. Masu yin wannan aiki wasu ƙananan halittu ne da ake kira bakteriya, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma. Suna cin sukarin madara su mayar da shi tsami, tsamin kuma ya sa madarar ta yi kauri.

A cikin ƙwarya, bakteriya iri-iri ne a cakuɗe. Domin a gane aikin kowane iri, masana kimiyya sukan ware su, su rene su a ɗakin gwaje-gwaje. Mai reno kuwa dole ya tanadi abinci. Wani sanannen abincin reno shi ne MRS, wanda masana uku, De Man da Rogosa da Sharpe, suka haɗa a shekarar 1960. A cikinsa akwai sukari da ruwan nama da na yis da wasu gishirai. Akan dafa shi a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 na minti 15, don kada wata baƙuwar ƙwaya ta tsira. Idan ana son ya daskare, sai a ƙara masa aga, wani gari da ake samu daga ciyawar teku.

Amma wannan abinci ya cika daɗi. Duk abin da ƙwaya take so yana ciki, saboda haka ba ta neman taimakon maƙwabciyarta. Shi ya sa masu binciken zamantakewar bakteriya suke haɗa wani abinci wanda sun san sunan kowane sinadari da ke cikinsa da adadinsa. Sai su cire sinadari ɗaya. Idan ƙwaya ta kasa yaɗuwa ita kaɗai, amma ta yaɗu tare da wata, to an gano mai ciyar da ita.

Yogot misali ne mai kyau. Bakteriya biyu ke yin sa: Streptococcus thermophilus, mai kama da 'ya'yan carbi, da Lactobacillus bulgaricus, mai kama da sanda. Ta farko tana rage iskar oksijin, ta samar da sinadaran da ta biyu ke bukata. Ta biyu kuma tana farfasa furotin ɗin madara yadda ta farko za ta iya ci. Zamansu na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, kuma tare sun fi saurin tsamar da madara.

Wannan ilimi yana taimaka wa masu sana'ar nono su zaɓi irin da ya dace. Madarar da ta yi tsami da wuri ba ta ba ƙwayoyin cuta damar yaɗuwa.

Tambayoyi

1. Me ke sa madara ta yi kauri?
2. Don me ake dafa abincin reno?
3. Bayyana ma'anar cuɗe-ni-in-cuɗe-ka.