Gargaɗi ga Mutanen Saulawa: A Kula da Masu Yawo da Hotunan Gumaka

Jama'ar Saulawa da kewaye, daga Ikara har Makarfi da Kudan, a saurara. Duk baƙon da ya zo muku da hotunan mutum-mutumin yumɓu na mutanen da, yana cewa ku tono masa irinsu a gona ko kufai zai biya, kada ku ɗaga masa ko fartanya.

Abin da suke farauta shi ne irin kayan Nok, waɗanda aka fara cin karo da su a 1928 wajen haƙar kuza a kudancin jihar Kaduna, masu shekara fiye da 2,000. Kada wani ya ce ai wannan zancen kudu ne. A shekarun 1990 an yi ta haƙe irinsu a ƙasar Katsina da Sakkwato da Kwatarkwashi, ana fitar da su ta ɓarauniyar hanya zuwa Turai. A 2000 har gidan tarihin Louvre na Faransa ya baje kolin biyu daga cikin irin waɗannan kayan, sai a 2002 Faransa ta amince mallakar Najeriya ne. Mai haƙa ɗan abin cefane yake samu, a bar shi da ramuka a gona, dillali kuma ya kwashe ribar a Faris ko Brussels.

Ga kuma doka. Tun 1979 haramun ne saye ko sayar da kayan tarihi, ko fitar da su waje, ba tare da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba. In asiri ya tonu, mai gona ake fara kamawa, baƙo ya riga ya yi layar zana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓarnar da ba ta gyaruwa. Gawayi da tsingaron da ke kwance tare da mutum-mutumin su ne ke nuna wa masana shekarunsa da yadda masu shi suka rayu. Da an hargitsa ƙasar, shi ke nan.

Wanda ya ci karo da irin wannan mutum-mutumi yana huɗa ko haƙar ƙasar tubali, kada ya fasa shi don ƙyamar gunki. Ba bauta masa aka ce a yi ba. A bar shi inda yake, a rufe, a sanar da mai unguwa ko dagaci a ranar, su kai maganar ga hakimi da gidan adana kayan tarihi na Kaduna. Iyaye kuma a ja kunnen samari, don su ake fara yaudara.