Firizar Sito da Gareji: Harafin da Ɗan Kasuwa Zai Duba Kafin Ya Biya

Masu sana'ar kifi da kaji da ƙanƙara da yawa ba sa ajiye firiza a cikin shago. Sukan kai ta sito ko garejin mota ko wata rumfar kwano a bayan gida, inda zafi da sanyi ke shiga yadda suka ga dama. A nan ne asarar kan fara, domin kowace firiza akwai iyakar yanayin da aka ƙera ta dominsa.

Wannan iyaka a rubuce take a ɗan allon da ke manne a bayan na'urar ko a cikinta. Harafin N na nufin za ta yi aiki daidai daga digiri 16 zuwa 32 a ma'aunin Salsiyas, SN kuwa daga 10 zuwa 32. ST na kai wa 38, T kuma 43. Da yawa daga cikin na hannu da ake shigowa da su daga Turai, irin waɗanda ke jibge a kasuwar Alaba ta Legas, masu N ne ko SN. Wanda ya ɗauki irin wannan ya kai ta Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, balle a ƙarƙashin kwano, injinta ba zai huta ba dare da rana, kuma da wuya ta riƙe digiri 18 ƙasa da sifiri da nama ke bukata. Arahar ranar saye sai ta koma kuɗin gyara.

Sanyi ma yana da nasa sharrin, ko da yake mutanenmu ba su cika sanin haka ba. A Turai sananniyar matsala ce a garejin hunturu, kuma tana iya aukuwa a Jos ko tsaunin Mambila a daren da sanyi ya tsananta. Firji mai haɗe da firiza wanda ma'aunin zafinsa ɗaya ne yana auna ɓangaren firjin ne kawai. Idan wurin ya yi sanyi ƙwarai sai injin ya daina tashi, kayan firiza su soma narkewa alhali wuta na nan. Mai sito a irin waɗannan wurare gara ya sayi firiza zalla, musamman wadda aka rubuta mata SN-T.

Ta fuskar wuta kuwa, mai buɗewa ta sama ta fi mai tsaye, saboda iska mai sanyi tana da nauyi, ba ta zubowa idan an ɗaga murfi. Cikakkiyar firiza da ba a buɗe ba takan riƙe kaya kimanin sa'o'i 48 bayan ɗaukewar wuta, wadda ke rabi kuwa 24. Tun da aka ɗaga farashin lantarki na rukunin A zuwa naira 225 kowane kilowat na sa'a a Afrilun 2024, tsohuwar na'ura mai shan wuta ta zama nauyi a kan riba.

Har ila yau, mai saye ya tambayi irin gas ɗin da ke ciki. R12 na cikin waɗanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana, kuma samunsa sai da wahala. R600a ya fi yawa a sababbi. Bayan an kai ta gida, a bar tazara tsakaninta da bango, a haɗa mata sitabilaiza, a kuma bar ta ta zauna wasu sa'o'i kafin a kunna, don man injin ya koma mazauninsa.