Alkawarin Tuta da Harshen Larabci a Makarantun Amurka

A watan Maris na 2015, a makarantar sakandare ta garin Pine Bush cikin jihar New York, ɗalibai suna azuzuwansu da safe sai lasifika ta karanto alkawarin biyayya ga tutar Amurka da Larabci, saboda mako ne da aka keɓe wa harsunan waje. Tun ba a kai ƙarshe ba wasu suka kama ihu, wasu suka koma suka zauna, ba a jima ba kuma hukumar ilmi ta yankin ta ba da haƙuri, ta yanke cewa daga ranar sai da Ingilishi kaɗai. Shekara biyu kafin haka an yi makamancin wannan a Fort Collins ta jihar Colorado, inda ɗalibai suka riga suka karanta shi da Faransanci da Sifaniyanci, amma sai da aka zo kan Larabci ƙura ta tashi sosai, ko da yake shugaban makarantar can ya tsaya wa yaransa.

Wanda ya yi nazarin musabbabin wannan taƙaddama zai tarar ba ma'ana ake jayayya a kanta ba, lafazi ne. Francis Bellamy ya rubuta alkawarin a 1892 babu ambaton Ubangiji a cikinsa, sai a 1954, zamanin adawa da kwaminisanci, majalisa ta ƙara shi. To, da mai tarjama ya iso wannan gaɓa ba shi da wata kalma illa "Allah", kunnen da kuwa harin 11 ga Satumba 2001 ya cika da tuhuma ya ji kamar an musulantar da tuta ne, alhali Kiristocin Larabawa da wannan suna suke addu'a, kamar yadda Littafi Mai Tsarki na Hausa yake kiransa. Daga cikin masu ƙorafi a Pine Bush har da waɗanda suka rasa 'yan'uwa a yaƙin Afganistan, kuma baƙin cikinsu abin girmamawa ne, sai dai Pashto da Dari ake yi a can, ba Larabci ba.

Ba na cewa ɗaya ɓangaren ba shi da hujja. Masu cewa ƙasar da ta tara baƙi daga kowace nahiya tana bukatar lafazi guda da kowa zai haɗa baki a kansa sun yi kama da malamanmu da suka hana huɗuba da ajami, ra'ayi ne da mai hankali zai saurara. Amma illar da ta biyo baya ta fi amfanin nauyi, domin yaron da iyayensa ke Larabci a gida ya koyi cewa harshen mahaifiyarsa bai cancanci ɗaukar biyayya ba, a ƙasar da kotun ƙolinta ta hukunta tun 1943 cewa ba a tilasta wa ɗalibi faɗin alkawarin sam.

Mu nan lamarin a juye yake. Tun 1976 yaranmu suke jeruwa a filin makaranta, rana tana dukansu, suna rattabo alkawarin Nijeriya da Ingilishi kamar hadda, da yawansu ba su san abin da suka ɗaukar wa kansu ba. Ya kamata hukumomin ilmi su sa a fassara musu shi.