Mai shan ƙwayar ciwon sukari, kada ka fita gona da yunwa

A lokacin noma da cikin watan azumi akan kawo mutane asibiti jiki na rawa, gumi na zuba, wasu ma a some. Daga cikinsu akwai masu ciwon sukari da suka sha ƙwayarsu ba su ci abinci ba. Domin mu gane dalili, sai mu duba yadda jiki yake auna sukarinsa.

Ma'aunin da ke bayan tumbi

Tuwon hatsi, da fura, da shinkafa, da rogo, in sun narke a hanji suna komawa wani sukari mai suna gulukos. Jini ne ke raba shi ga gaɓoɓi. Babban mutum yana da jini kusan lita 5, kuma sukarin da ke cikinsa kusan garam 5 ne, wato kamar ƙwarar sukarin shayi guda. In ya yi yawa yana ɓata ido da ƙoda da jijiyoyi. In ya yi kaɗan ƙwaƙwalwa ba ta iya aiki.

Bayan tumbi akwai wata tsoka mai tsawon santimita 15 ko kusa da haka. Likitoci na ce mata fankiriyas. A cikinta akwai ƴan tsibirai kusan miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya gani. Wani ɗalibin likita a Jamus, Paul Langerhans, shi ya fara ganin su a 1869. A nan ake yin insilin, sinadarin da ke sa sukari ya bar jini ya shiga nama. Ƙwayoyin halitta da ke cikin tsibiran suna ajiye insilin a ƴan jakunkuna, kamar hatsi cikin rumbu, har ranar buƙata.

Yadda insilin ke fitowa

Kowace ƙwayar halitta tana da ƙananan ƙofofi a bangonta. Lokacin yunwa, ƙofa ta farko tana buɗe, sinadarin fotasiyom yana fita ta nan. Manoma sun san shi, domin shi ne harafin K na takin zamani 15-15-15. Muddin yana fita, insilin kaɗan ne ke shiga jini.

Bayan cin abinci, sukari yakan shiga ƙwayar halittar. Sai ta ƙone shi, ta samu wani sinadari mai ɗauke da ƙarfi, ana ce masa ATP. In ATP ya yi yawa sai ya rufe ƙofa ta farko. Fotasiyom ya taru a ciki, wutar da ke bangon ta sake, sai ƙofa ta biyu ta buɗe. Ta nan kalsiyom yake shiga, shi da muke samu a nono da ƙashi. Kalsiyom ne ke tura jakunkunan su zubar da insilin cikin jini. Da sukari ya sauka, ATP ya ragu, ƙofa ta farko ta sake buɗewa, insilin ya lafa. A 1984 wata masaniya a Ingila, Frances Ashcroft, da abokan aikinta suka nuna cewa sukari ne ke jawo rufewar wannan ƙofa.

Ƙwayar da ba ta jiran abinci

A 1942, a garin Mompeliye na Faransa, likita Marcel Janbon ya ba masu zazzaɓin taifot wani sabon magani. Sai ya ga sukarin jininsu ya faɗi ƙwarai. Daga nan aka samo dangin magungunan da glibenclamide yake cikinsu, ƙwayar da ake ba masu ciwon sukari da yawa.

Wannan ƙwaya da kanta take rufe ƙofa ta farko. Ba ta tambayar ko an ci ko ba a ci ba. Insilin zai fito ko da ciki babu kome. In kuma mutum ya kama hauya, naman jikinsa yana ƙara shan sukari. Sai ɗan abin da ya rage a jini ya sauka ƙasa da garam 0,70 a lita, haɗari ya zo. Ƙwayar metformine ba ta taɓa wannan ƙofa, shi ya sa ya kamata kowa ya san sunan abin da yake sha.

Abin da za mu kiyaye

Mu sha ƙwaya tare da abinci, yadda likita ya ce. Mu tafi gona da ƙwarar sukari ko dabino a aljihu. In muka ji rawar jiki, gumi, jiri, bugun zuciya ko yunwa mai tsanani, mu bar aiki mu sha ƙwarar sukari 3 cikin ruwa, sannan mu ci abinci. Wanda ya some, kada a ɗura masa kome a baki, domin yana iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefe, a gaggauta kai shi asibiti.

Mai niyyar azumi ya je wajen likita tun watan Sha'aban, a duba masa awo da lokacin shan magani. Addini ya yi wa maras lafiya rangwame. Kada kuma kowa ya daina magani da kansa, ko ya ari na maƙwabci.

Mu karanta wa iyali wannan shafi, domin ran da mai ciwon ya faɗi, su ne za su cece shi. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.