Haska ƙwai

Haska ƙwai hanya ce ta duba cikin ƙwai da haske ba tare da an fasa shi ba, domin a gane ko akwai ɗa a ciki, ko babu, ko kuwa ɗan ya fara tasowa ya mutu. Ana yin sa ga ƙwan kaza, zabuwa, agwagwa, talo-talo, tattabara da tsuntsayen ado. Turawa sun sa wa aikin suna daga kalmarsu ta kyandir, saboda da kyandir aka fara yin sa. A ƙauyukan ƙasar Hausa an saba naɗe hannu kamar bututu a ɗaga ƙwan sama a fuskanci rana. Yanzu tocila ko fitilar wayar hannu ta maye gurbin duka biyun.

Baragurbi

Ƙwan da kaza ta kwanta a kansa bai ƙyanƙyashe ba shi ake kira baragurbi. Haɗaɗɗiyar kalma ce daga aikatau "bari" da suna "gurbi", wato abin da aka tashi aka bari a wurin kwanci. Daga nan ne aka ari kalmar ana jifan mutumin da ya lalace a cikin 'yan uwansa da ita. Sai dai kalmar ta haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba: ƙwan da tun asali ba shi da ɗa, da wanda ɗansa ya mutu a hanya. Na farko matsalar barbara ce, na biyu matsalar ajiya ko kwanci. Haskawa ce ke raba su, kuma mai kiwon da bai raba su ba ba zai san abin da zai gyara ba.

Yadda ɗa ke samuwa

Kaza na yin ƙwai ko da zakara ko babu. A saman gwaiduwa akwai wani ɗan farin tabo. Idan an yi barbara, tabon kan buɗe ya zama kamar zobe. Idan ba a yi ba, ɗigo ne kawai. Ba a ganin wannan sai an fasa ƙwan. Saboda haka babu wanda zai kalli sabon ƙwai a faifan mai talla ya ce da tabbaci akwai ɗa a ciki, komai daɗewarsa a sana'ar.

Sai ƙwan ya sami ɗumi na kusan digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas sannan ɗan ke ci gaba da girma. A ƙwan kaza zuciya na fara bugawa cikin kwana biyu zuwa uku, abin da masanin Girka Aristotle ya lura da shi fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Daga nan jijiyoyin jini ke bazuwa a kan gwaiduwa, kuma su ake nema idan an haska.

Tsawon kwanci ya bambanta. Kaza kwana 21 ce, zabuwa 26 zuwa 28, talo-talo 28, tattabara 17 zuwa 19. Agwagwar gida mai jan fuska tana kai kwana 35.

Ƙwan zabi a yankin Wagini

Wagini mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Batsari, a yammacin jihar Katsina, ɓangaren da ke maƙwabtaka da Safana da dajin Rugu. A irin waɗannan garuruwa kiwon kaji da zabi na daga cikin dukiyar gida da ake saurin mayarwa kuɗi, ga magani, ga kuɗin makaranta, ga hidimar suna. Yankin ya sha fama da satar shanu, don haka ƙananan dabbobin da ke tsakar gida ba abin rainawa ba ne.

Zabuwa da damina take yin ƙwai, kuma ba ta iya kwanci a gida ba. Takan ɓoye gurbinta a ciyawa, ta watsar da shi idan an dame ta. Shi ya sa ake kwashe ƙwanta a sa wa kaza mai kwanci, kamar 10 zuwa 15 gwargwadon girman kazar. Idan za a haɗa da ƙwan kazar, sai a fara sa na zabi da mako guda domin su ƙyanƙyashe tare.

A nan ne amfanin haskawa ya fi fitowa. Kazar da ta kwanta mako huɗu ba ta ƙwai, ba ta cin abinci sosai, tana ramewa. Idan rabin abin da ke ƙarƙashinta baragurbi ne, an yi asarar kuɗin ƙwan, an yi asarar wata guda na damina, wadda ita ce kaɗai lokacin ƙwan zabi. Wanda ya haska a kwana na 10 yana iya cire marasa ɗa, ya haɗa masu kyau na kaji biyu da suka fara kwanci tare a ƙarƙashin guda, ɗayar ya sa mata sabbi.

Abu biyu ke yawan jawo baragurbi a ƙwan zabi. Na farko ƙarancin maza: a daji zabi kan rabu ne namiji da mace, don haka namiji ɗaya ba ya wadatar da garke babba yadda zakara ke yi. Rarrabe su ma da ido na da wuya. Kuka ne ya fi nunawa, domin ta mace ce kaɗai ke yin kuka mai gaɓa biyu. Na biyu ajiya. Ƙwan da ya wuce mako guda ƙarfinsa na raguwa, wanda kuma ya wuni a rana a kasuwa ɗansa kan fara tasowa ya mutu kafin a kai shi gida. Ya fi kyau a ajiye ƙwan kwanci a inuwa mai sanyi, kamar kusa da randa, tsininsa na kallon ƙasa, kuma kada a wanke shi, domin wanki na cire wani siririn rufi da ke hana ƙwayoyin cuta shiga ta ƙofofin ɓawo.

Yadda ake haskawa

Ana yi da dare ko a ɗaki mai duhu, da hannu mai tsabta. A ɗora bakin tocila a ɓangaren ƙwan mai faɗi, a rufe gefen da yatsu don kada haske ya tsere, a juya ƙwan a hankali. Kada a wuce 'yan mintoci kafin a mayar. Ƙwan kaza ana duba shi a kwana na 7, a sake a na 14. Na zabuwa ɓawonsa na da kauri da ɗige-ɗige, sai a jira kwana na 10.

Ƙwai mai ɗa yana nuna ɗigo mai duhu da jajayen jijiyoyi kewaye da shi kamar ƙafafun gizo-gizo, wani lokaci har a ga motsi. Marar ɗa haske na ratsa shi tas, sai inuwar gwaiduwa kawai. Idan aka ga jan zobe ya zagaye cikin ƙwan ba tare da jijiyoyi ba, ɗan ya mutu da wuri. Zuwa ƙarshen kwanci ƙwai mai kyau kan yi duhu gaba ɗaya, ban da gurbin iska da ke ƙara faɗi a saman. Wanda ke wari ko tsattsafo a cire shi nan take, domin yana iya fashewa ya ɓata sauran. Wanda ake shakka a kansa a yi masa alama da fensir, a sake dubawa bayan kwana uku. A kwana ukun ƙarshe ba a taɓa ƙwai.

Hanyoyin da ba su da tabbas

Masu sayen ƙwai kan jefa shi a ruwa: wanda ya nutse sabo ne, wanda ya taso tsoho. Gwajin gaskiya ne, amma shekarun ƙwan yake nunawa, wato girman gurbin iskarsa, ba ɗa ba. Ƙwai mai ɗa da ya yi nisa a kwanci shi ma yakan taso. Girgiza ƙwai kusa da kunne kuwa ya fi muni, domin yana iya tsinka jijiyoyin da ake son tabbatarwa. Siffar ƙwai ba ta nuna ko namiji ne ko mace.

Tsuntsayen keji

Ƙa'idar ɗaya ce ga tsuntsayen ado da ake kiwo a birane kamar Katsina da Kano. Misali shi ne bajarigar, ɗan ƙaramin dangin aku ɗan asalin Ostireliya, wanda John Gould ya kai Ingila a 1840. Macen kan yi ƙwai 4 zuwa 6, ɗaya bayan kowane kwana biyu, kuma kowanne na ɗaukar kimanin kwana 18. Tunda ba rana ɗaya suka fito ba, sai an rubuta wa kowanne lamba, in ba haka ba a zubar da na ƙarshe ana zaton ba shi da ɗa alhali lokacinsa ne bai yi ba. Ɓawon siriri ne, jijiyoyi na bayyana daga kwana na 5 zuwa na 7, kuma ana iya haskawa a cikin akwatin ba tare da an ɗauka ba.

Idan duka ƙwan suka fito fayau, a fara duba ko mata biyu aka haɗa a keji. Fatar da ke saman bakin namiji baligi yawanci shuɗiya ce, ta mace ruwan ƙasa ko fari-fari. Ba a gaggauta kwashe marasa ɗan, domin hakan na sa macen ta sake zuba wasu, jikinta ya raunana. Ana barin su har kwanakin kwanci su cika ta tashi da kanta.